Haƙorin Mamansa

"Sista, rufe ƙofar nan! Don Allah ki rufe!"

Sista ta tsaya da kati a hannu tana kallonta sama da ƙasa. Shekara biyar suna aiki tare a wannan asibitin haƙori, ba ta taɓa ganin Likita ta rikice haka ba.

"Lafiya? Aljani kika gani?"

"Matar da ke zaune a kujerar farko... wadda ta riƙe kunci... Mamansa ce."

"Maman wa?"

"Injiniya."

Sista ta tura ƙofar da ƙafa.

Duk asibitin an san Injiniya. Shi ke gyara musu na'urori, kuma a gindin wannan kujerar ta marasa lafiya suka fara haɗuwa, yana kwance a ƙasa da sukudireba a baki yana tambayarta ko ita ma tana jin tsoron ƙarar injin. Shekara biyu ke nan, kuma Likita ba ta da wani buri a duniya da ya wuce ta zama matarsa.

Wata huɗu da suka wuce ya kai ta gaishe da Mama. Ta durƙusa har ƙasa ta yi gaisuwa, Mama ta amsa da ka, idonta na kan talabijin. Bayan ta tafi ne Mama ta yanke hukunci: yarinyar ta fi shi karatu, kuma irinsu kallon raini suke wa mutane. Ita dai tana da zaɓinta a gida, 'yar ƙanwarta da ta riƙe tun tana ƙarama, wadda kowa ke kira 'Yar Lele.

"Babban likita fa?" in ji Likita.

"Ya tafi taro, sai jibi. Kuma matar nan kwananta uku ba ta runtsa ba."

Likita ta ja takunkumi ta rufe hanci da baki, ta janyo hula har goshi, ta ɗora tabarau na aiki.

"A'a fa," in ji Sista. "Ki gaishe ta da fuskarki tukuna."

"In ta gan ni tashi za ta yi, ta koma gida da ciwon."

Gaskiya ta faɗa, amma rabin gaskiyar ce. Sauran rabin tsoro ne tsagwaronsa, kuma ita ma ta sani.

Mama ta shigo tana dafa bango, idanunta sun yi jajir. Da ƙyar ta hau kujerar. Likita ta gaishe ta da murya ƙasa-ƙasa, ta duba bakin, ta ɗauki hoton haƙorin, ta juyo mata da allon kwamfutar don ta gani.

"Mama, ruɓa ta ci haƙorin har ta kai ga jijiyar da ke cikinsa. Shi ya sa yake miki wannan zugin."

"Cire shi za ki yi?" Mama ta tambaya kamar za ta yi kuka. "Huɗu aka cire min. Wannan kaɗai ya rage min na tauna a ɓangaren nan."

"Ba sai an cire ba. Zan huda shi ta sama, in kwashe jijiyar da ta lalace, in wanke saiwoyinsa, in zuba magani. Haƙorinki zai zauna a bakinki, in sha Allahu."

Da Mama ta hango allurar kashe zafi sai jikinta ya ɗauki ɓari. Matar da ta riƙe gida ita kaɗai shekara ashirin bayan rasuwar mijinta, matar da in ta ɗaga murya yara ke shiga taitayinsu, sai ga ta tana hawaye.

"Wayyo 'yata... ni fa ba na son allura..."

"Riƙe hannuna na hagu, Mama. In kin ji zafi ki matse shi yadda kike so."

Ta riƙe kuwa, ta matse har sai da farcenta ya bar shaida ta saman safar hannun Likita.

Awa guda da kwata aka yi. Likita na zura siraran ƙarafan nan masu kama da allura cikin saiwoyi uku ɗaya bayan ɗaya, tana wankewa, tana aunawa, gumi na bin bayanta duk da sanyin ɗakin. Da ta gama ta toshe ramin da ciko, ta ɗaga kujerar.

Mama ta taɓa kuncinta. Ta sake taɓawa.

"Ikon Allah... ya yi shiru!"

"Mama, ki saurare ni da kyau. Ciwon zai tafi, amma aikin bai ƙare ba. Wannan cikon na wucin gadi ne. Lallai ki dawo bayan sati ɗaya in sake wankewa in cike saiwoyin. In kin ƙi dawowa cikon zai fashe, ƙwayoyin cuta su koma ciki, kuma abin da zai biyo baya ya fi na yau muni."

"Zan dawo, 'yata, zan dawo. Allah ya yi miki albarka! Hannunki kamar auduga." Ta yi ajiyar zuciya tana gyara mayafi. "Ina ma irinki ɗana ya kawo min. Shi ma wata likita ya jajibo, mai ɗaga hanci, ko kallon arziki ban yi mata ba."

Sista ta sunkuyar da kai cikin tiren kayan aiki.

Likita ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Nan ne ya kamata ta sauke takunkumin. Hannunta har ya tashi, sai ya koma.

"Allah ya ƙara sauƙi, Mama," shi ne kawai abin da ta iya faɗa.

Bayan fitar Mama, Likita ta zube a kujera, ta ja takunkumin zuwa haɓa, ta kafa kai a gorar ruwa. Ba ta ji an turo ƙofa ba.

"Jakar Mama muka manta..."

'Yar Lele ce, wadda ta rako Mama ta zauna a ɗakin jira. Ita ce ta kawo wa Likita ruwa ranar gaisuwa, don haka ba ta buƙaci kallo na biyu ba. Ta ɗauki jakar a hankali, ta yi wani murmushi da bai kai ido ba.

"Ashe ke ce. Sannu da aiki, Likita."

* * *

Kwana uku Likita na waya da Injiniya tana hira kamar babu komai. Ta ce wa kanta sirrin marar lafiya take riƙewa. A kwana na huɗu sai ga shi a asibitin da tsakar rana, babu akwatin kayan aiki a hannunsa.

"Likitata, da gaske ne?"

Ta miƙe tsaye.

"Ka zauna in yi maka bayani..."

"Ba zama ya kawo ni ba! Mahaifiyata ta kwanta a kujerar nan awa guda, kika ɓoye mata fuskarki, ni ma kika ɓoye min?"

"Tsoro na ji, masoyina. Wallahi tsoro na ji."

"Kin san abin da aka faɗa mata? An ce da gangan kika kashe mata jijiya, kika bar aikin rabi don ta riƙa dawowa tana roƙonki. Wata huɗu ina lallashinta ina cewa ba ki da raini. Yau ta ce min, 'Ga rainin nan ka gani da idonka.' Me zan ce mata?"

Hawaye suka ziraro mata.

Ya kau da kai, don bai taɓa iya kallon kukanta ba.

"Ta ce in na sake ambatonki a gidanta ba ta yafe ba."

Maganar ta daki Likita a ƙirji. Ta dafa tebur.

"To na ji. Ka ajiye maganata a gefe. Ranar Talata lallai a ƙarasa aikin haƙorin nan. In ba ta son ganina ka kai ta wajen kowane likita, zan rubuta masa duk abin da na yi."

"Ta ce ta warke. Jiya har nama ta ci da shi."

"Ba ta warke ba! Jijiyar ce babu, shi ya sa ba ta jin komai!"

"Zan gwada," ya ce a sanyaye. A bakin ƙofa ya tsaya bai juyo ba. "Ina sonki, zuciyata. Amma uwa ce."

Talata ta zo ta wuce, kujerar Mama babu kowa. Sista ta kira lambar da ke kan katin, 'Yar Lele ta ɗauka.

"Ta warke. Mun gode."

Ƙit, ta kashe.

Suka kira washegari, suka kira bayan kwana biyu. Likita da kanta ta rubuta saƙo mai tsawo, ta bayyana haɗarin dalla-dalla, babu amsa. Injiniya kuwa da ya buɗe baki zai yi maganar asibiti sai Mama ta tashi ta bar masa ɗakin.

Sati biyar aka yi a haka. Likita ta rame, ta daina cin abincin rana. Kullum da safe sai ta buɗe hoton haƙorin nan ta zuba masa ido.

"Kallonsa ba zai cike shi ba," in ji Sista. "Na faɗa miki tun ranar, kika yi kunnen ƙashi."

"Na sani, Sista. Kar ki ƙara min."

* * *

Da safiyar wata Laraba, tana wanke hannu, wayarta ta yi ƙara. Sunan Injiniya ta gani, ta ɗauka da sauri.

"Fuskarta ta kumbura," ya ce ba ko sallama. "Tun shekaranjiya. Jikinta zafi rau. Ta rantse ba za ta je asibiti ba. 'Yar Lele ta kira wani mai cire haƙori a kasuwa, wai ƙarfe goma sha ɗaya zai zo..."

"Kar ka bari ya taɓa ta! Tana iya haɗiye yawu? Numfashinta fa?"

"Tana haɗiyewa... da ƙyar."

"Ga ni nan."

"Likitata, ta ce in kika taka gidan..."

"Na ce ga ni nan!"

Ta bar wa Sista saƙo ta gaya wa babban likita ya shirya, ta tari mota a bakin titi. Duk tsawon hanya hannunta na cikin aljihun farar rigarta yana murza takunkumin da ke ciki. A ƙofar gidan ta fito da shi, ta kalle shi, ta mayar.

Ɗakin Mama a rufe yake ruf, labule a sauke, warin man zafi ya cika ko'ina. Mama na jingine da filo, kuncinta na dama ya haye har ya fara sauka gefen muƙamuƙi. 'Yar Lele na gefen gado tana danna mata tawul mai tururi.

"Ɗauke tawul ɗin nan!" Likita ba ta san lokacin da ta daka tsawar ba. "Zafi ƙara kumburin yake yi!"

"Ke a su wa?" 'Yar Lele ta miƙe tana riƙe ƙugu. "Ba ke kika jawo ba? Mama, kin ga ƙarfin hali? Har gida!"

Likita ba ta ko kalle ta ba. Ta durƙusa a gaban gadon kamar ranar farko.

"Mama, ina kwana. Ni ce. Ga fuskata."

Mama ta juya kai wajen bango. Da ta yi magana, kalmomin da ƙyar suke fita saboda bakin ba ya buɗuwa sosai.

"Na riƙe hannunki. Na yi kuka a gabanki kamar ƙaramar yarinya. Na zage ki kina tsaye kina ji... ke kuma kina bayan ƙyalle kina min dariya."

Sai a lokacin Likita ta gane inda ciwon yake. Kunya ce ke cin matar nan tsawon sati biyar.

"Ban yi dariya ba, Mama. Wallahi jikina rawa yake yi fiye da naki. Na ji tsoron in kin gan ni za ki tafi da ciwon, kuma na ji tsoron kallon da za ki yi min. Ya kamata in nuna miki fuskata ki zaɓa da kanki. Na yi laifi. Ki yafe min."

"Kika bar aikin rabi."

"Haka ake yinsa, zama biyu ko uku. Na faɗa miki ranar. Da ba ki zo ba sau tara muka kira, na turo saƙo na ce in ba kya son ganina ki je wajen wani likitan, kar dai a bar shi haka."

Mama ta juyo a hankali.

"Wa kuka kira?"

"Lambar da ke kan katinki."

Injiniya, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya dubi 'Yar Lele. Mama ma ta dube ta. Tawul ɗin ya suɓuce daga hannunta.

"Ni dai... ai ke kika ce kin warke, Mama... ban so a tayar miki da hankali ba ne..."

"Sau tara," in ji Mama.

'Yar Lele ta zame ta fice.

Likita ta matso da gwiwoyinta.

"Mama, mugunya ce ta taru a ƙarƙashin saiwar. In ta ci gaba da sauka wuya za ta iya toshe miki numfashi. Wannan ba aikin kasuwa ba ne. Babban likita yana can yana jiranki, ba sai ni ba, ko ɗakin ba zan shiga ba." Ta ja numfashi. "In kuma maganata da ɗanki ce ta hana ki zuwa... na haƙura da shi. Na ba ki alkawari. Ki tashi kawai mu tafi."

"Me kike faɗa haka?" Injiniya ya taho da sauri. "Likitata!"

"Ka yi shiru, don Allah! Ka yi shiru..."

Hawaye na ɗiga a kan farar rigarta, ba ta share ba. Ta san abin da ta furta, kuma ta san in Mama ta karɓa ba za ta janye ba.

Mama ta daɗe tana kallon fuskar da ba ta taɓa tsayawa ta kalla ba.

"Miƙo min mayafina," ta ce wa ɗanta.

* * *

Babban likita ya riga ya sa safar hannu lokacin da suka iso. Ya duba Mama, ya sa ta haɗiye yawu, ya tattaɓa wuyanta, ya ce an zo a kan gaɓa: a buɗe haƙorin yanzu mugunyar ta fita, a ɗora ta a kan magani. Likita ta miƙa masa katin, ta juya za ta fita kamar yadda ta yi alkawari.

"Ina za ki?"

Ta tsaya cak.

"Wadda ta fara ita za ta ƙarasa," in ji Mama. "Ni hannunta na sani."

Babban likita ya dubi Likita, ya dubi Sista da ke ta ƙifta masa ido, ya cire safarsa ya ja gefe.

Likita ta wanke hannu. Ta ɗauko takunkumi, sai ta tsaya da shi a hannu, ta kasa sawa.

"Sa abinki," in ji Mama. "Yanzu na san wadda ke ciki. Ba ni hannun."

Cikon ya fashe kamar yadda ta yi tsoro. Ta buɗe ramin, mugunya ta fita, ta wanke saiwoyin nan uku ta sake wankewa. Kafin a sauke kujerar Mama ta ce nauyin da ke kuncinta ya ragu. Kwana uku bayan nan zazzaɓin ya sauka, fuskar ta fara komawa daidai.

Amma maganar aure babu wanda ya tayar. Likita ta riƙe alkawarinta. Injiniya ya kira har ya gaji, ba ta ɗauka ba, sai dai ta kife wayar ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska.

Bayan sati biyu Mama ta dawo zama na ƙarshe, minti goma kafin lokacinta. Ɗanta ne ya kawo ta, ya tsaya a jikin ƙofa duk ya faɗa. Likita ta gaishe da Mama fuska a buɗe, shi kuwa ba ta yarda sun haɗa ido ba. Ta cike saiwoyin, ta ɗauki hoto, ta nuna mata fararen layuka uku da suka sauka har ƙarshen saiwa.

"Haƙorinki ya tsira, Mama. Saura a sa masa murfi don kar ya tsage. Za a kira ki in ya zo."

"Af, kin tuna min," in ji Sista, ta zaro biro. "Lambar da ke kan katin nan ba ta da amfani. Ta wa za a sa?"

"Sa tawa," in ji Injiniya.

"Kai da kullum kana ƙarƙashin inji ba ka jin waya?" Mama ta harare shi. Ta nuna Likita da haɓa. "Sa tata."

Sista ta ɗaga gira.

"Mama, ai ita ce likitar. Nan wajen na ɗan uwa ne. Akwai gurbin da aka ce a rubuta dangantaka."

"Na ji ki sarai. Ba kurma ba ce ni."

Likita ta juyo da sauri. Ta dafa bayan kujerar.

"Mama... na yi miki alkawari..."

"Ke kika yi, ni ban karɓa ba." Mama ta kamo hannunta na hagu, wanda ta saba riƙewa, ta juya wajen Sista. "Me kike jira? Rubuta: matar ɗana."